Mangwaro arba'in, layi iri ɗaya a jel: laifin wa?

Ka ce ka ɗebo ganyen mangwaro daga bishiyoyi 40, ka fitar da DNA (sinadarin gado), ka yi PCR (hanyar ninka gutsuren DNA a na'ura) da alamomin SSR (wuraren da harufan DNA suke maimaituwa) guda huɗu, sai fiye da rabin bishiyoyin suka fito da layuka iri ɗaya sak a jel (abin da ake raba gutsuren DNA a cikinsa bisa tsawonsu), kana tambaya ko aikin ne ya lalace. To ɗana, yana yiwuwa ya lalace, yana kuma yiwuwa gaskiya jel ɗin ya faɗa maka. Kafin ka zargi na'ura, koma gona tukuna.

Itacen marmari ba masara ba ne. Irin da aka yaba, aure ake yi masa, reshe guda ya zama bishiya ɗari, kuma duk ɗarin nan a idon DNA abu ɗaya ne ko da kowane mai lambu ya laƙaba wa tasa suna daban. Mangwaro ma yana da wata ɗabi'a da take ruɗa sabon shiga: akwai irin da ƙwallo ɗaya yake fitar da tsiro uku ko huɗu, mafi yawansu daga jikin uwar suke, ba daga barbara ba. Kai kana ganin an shuka daga ƙwallo, kana tsammanin bambanci, alhali kwafin uwar ne ya tashi. Lemu ma haka yake. Lemun zaƙi kuwa ya fi haka ban mamaki, don nau'o'insa irin su Valencia da Washington Navel daga ƙananan sauye-sauye a jikin reshe suka samo asali, SSR ba ta cika raba su ba duk da baki yana raba su.

Daga ina ka tsinko ganyen? Idan bishiya mai aure ce, sai daga saman mahaɗin auren. Tohon da ya fito a ƙasan mahaɗi na gindin da aka ɗora a kansa ne, kuma masu reno sukan yi amfani da gindi iri ɗaya ga lambu sukutum. Wanda ya tsinki na ƙasa don ya fi sauƙin kamawa, gindi ya auna sau ashirin.

Yanzu mu shiga ɗakin gwaji. Alamomi huɗu sun yi kaɗan. Uwa da 'yarta, ko 'yan uwa biyu, suna iya dacewa a wurare huɗu ba tare da sun zama abu ɗaya ba. Nemi 12 zuwa 15, a warwatse, don mangwaro yana da kuromosom 40, wato tagwaye 20, kada duk alamominka su taru a kan biyu ko uku. Zaɓi waɗanda ƙimarsu ta PIC (ma'aunin ƙarfin alama wajen nuna bambanci) ta haura 0.5, su ne masu iya rarrabewa.

Amma abin da na fi zargi shi ne jel ɗinka. SSR maimaicin harufa ne, kamar GA GA GA, kuma bambancin bishiya da bishiya sau da yawa harafi biyu ne kacal, a ce gutsure mai harafi 148 da mai 150. Jel na agaros, wato na yau da kullum, ba ya ganin wannan, layi ɗaya mai kauri zai nuna maka. Ana buƙatar jel na foliyakirilamaid mai kashi 6 cikin 100, ko na'urar da take karanta tsawon gutsure ta siraran bututu, da firaima (ɗan guntun DNA da yake kama wurin da za a ninka) mai ɗauke da launi. Agaros mai kashi 0.8 cikin 100 aikinsa duba lafiyar DNA ne kafin PCR, nan ya tsaya.

Lafiyar DNA ɗin ma abin dubawa ce, don ganyen mangwaro cike yake da sinadaran fenol da yauƙi. Ɗauki sabon toho mai laushi, kamar miligiram 100. In hanya da nisa, busar da shi cikin silika, ninki goma na nauyin ganyen. Niƙa shi a ruwan naitirojin kada ka bari ya narke a turmi. Ruwan CTAB, wanda yake fasa ƙwayoyin ganye ya sako DNA, ya zama kashi 2 cikin 100, da gishirin NaCl mola 1.4, ka ƙara PVP mai kama fenol kashi 2, sannan makaftoyitanol a lokacin da za ka yi amfani da shi, ba tun jiya ba. Ɗumama a digiri 65 na minti 30 zuwa 60, ka wanke da kulorofom da ayisowamil 24 bisa 1, sau biyu in ruwan saman bai yi garau ba. Kwantar da DNA da ayisofurofanol mai sanyi, ka ɗauraye da itanol kashi 70. Ɗan dunƙulen da ya kwanta in ya yi ruwan ƙasa, fenol ya kama shi. In yana yauƙi yana ƙin narkewa, sitaci da danginsa ne. Awon tsabtar DNA da haske, wato 260 bisa 280, ya tsaya wajen 1.8. Kuma kada ka ce yawa shi ne kyau, nanogiram 10 zuwa 25 sun isa kowane bututu, don DNA mai datti in ka tsarma shi sau da yawa ya fi yin aiki.

Ka sa bututun da ruwa ne kawai a cikinsa, babu DNA? In shi ma ya fitar da layi, to akwai gurɓata, kuma ita kaɗai ta isa ta mai da kowa iri ɗaya. Turmin da ba a wanke ba tsakanin samfuri da samfuri, ko bakin fifet (abin ɗiban ruwa) da ba a sauya ba, su ne masu laifin da aka saba kamawa. Sa kuma sanannen iri guda a kowane faranti, don ka iya daidaita karatun yau da na gobe.

Wajen karatu, ƙananan inuwoyin da suke bin bayan babban layi tuntuɓen inzayim ne, wato sinadarin da yake kwafar DNA a PCR, kada ka ƙirga su. Layi ɗaya tilo ba kullum yake nufin uwa da uba sun ba da abu guda ba, wani lokaci firaima ce ta kasa kama ɗaya ɓangaren. Layi uku a wuri guda, in a tuffa ne ko ayaba, yana iya zama bishiya mai kuromosom ninki uku, amma a mangwaro fara zargin cakuɗuwa.

Na san za a ce maka ka koma RAPD, wata hanyar alamomin DNA, ta fi araha kuma layukanta sun fi yawa. Yawan layi ba shi ne yawan sani ba. Firaimarta harafi goma ce, tana kamawa a wajen digiri 36, ɗan sauyin magniziyom ko na'ura sai zanen ya canja, kuma ba ta nuna maka ko kwafi ɗaya bishiya take ɗauke da shi ko biyu.

Ga abin da za ka yi. Ware takwas daga cikin masu kama da juna, ka sake tsinko ganye daga saman mahaɗi, ka fitar da sabon DNA, ka gwada da alamomi 12 a jel mai iya gani. In sun rabu, kayan aikinka ne suka gaza tun farko. In sun ci gaba da dacewa a duk wuraren, rubuta su a matsayin iri ɗaya mai sunaye da yawa, ka bar guda kawai a lissafi kafin ka auna yawan bambancin gado, in ba haka ba maimaicin zai karkatar maka da alƙaluman.