Bindiga a Ƙugun Mai Sayayya, Kai Kuma Takardunka Suna Hanya

Wani ɗan uwa ya rubuto mini daga birnin Houston na jihar Texas. Da bizar ziyara ya shigo Amurka, ya yi aure, an shigar masa da takardun neman girin kad, wato katin izinin zama na dindindin, kuma takardar izinin aiki ta riga ta fito. Wata biyu ke nan da ya samu aiki a wani babban kantin kayan wasanni da farauta da kamun kifi. Ran wata Asabar yana jera takalma, sai ga wani mutum da ƙaramar bindiga a ƙugu, a fili, yana tambayarsa lambar takalmi. Gabansa ya faɗi, ya garzaya wurin manaja, manaja ya ce masa ba komai, ya koma bakin aikinsa. Yanzu kuma ana so a riƙa tura shi sashen bindigogi idan ma'aikata sun yi ƙaranci, da ɗan ƙarin kuɗi. Yana tambaya ko doka ta yarda a shigo kanti da makami, ko ya karɓi wannan canjin aiki, ko shi ma ya sayi tasa. A ƙarshe ya ce yayansa da ke Katsina ya roƙe shi ya aiko masa da madubin hangen dare da kaki irin na soja, saboda 'yan bindiga sun addabi ƙauyensu.

Ƙanena, faɗuwar gaban da ka ji ba abin kunya ba ne. Inda muka fito, farar hula da bindiga a kasuwa alama ce ta tashin hankali, kuma wanda ya san ƙarar harbi da dare ba ya ganin ƙarfen nan hankalinsa ya kwanta. Ni ma na tuna karon farko da na ga irin haka. Ina cikin layin biya a wani kanti, dattijon da ke gabana yana riƙe da fatsa da ƙugiyoyin kamun kifi, jikansa na jan gefen rigarsa, ga baƙar bindiga cikin kubenta na fata a ƙugunsa na dama. Yarinyar da ke karɓar kuɗi ko kallon wurin ba ta yi ba. Ni kaɗai nake zufa a layin.

Manajanka gaskiya ya faɗa maka. Tun 1 ga Satumban 2021, dokar Texas ta bai wa wanda ya kai shekara 21, kuma babu abin da ya haramta masa mallakar makami, damar ɗaukar ƙaramar bindiga ba tare da lasisi ba, a ɓoye ko a fili, muddin tana cikin kube idan ana ganinta. Fiye da rabin jihohin Amurka 50 suna da irin wannan doka yanzu. Amma ban da New York, inda 'yan uwanmu na Gana da Nijar suke da yawa a unguwar Bronx, ban da Kalifoniya da Illinois. A can mutum ba ya yawo da ƙaramar bindiga a fili. Don haka idan abokinka na Bronx ya ce maka abin da ka gani ba zai yiwu ba, dokar garinsa ya faɗa maka.

Sai dai kanti dukiyar mai shi ne, kuma yana da ikon cewa ba ya so. A Texas ana yin haka da allon sanarwa a bakin ƙofa, kuma lambar da ke jikin allon ita ce ke gaya maka abin da aka hana. Gobe kafin ka shiga aiki ka tsaya ka duba gilashin ƙofar. Allo mai lamba 30.06 ya hana mai lasisi shiga da bindiga a ɓoye, mai 30.07 ya hana shi shiga da ita a fili, mai 30.05 kuma ya shafi wanda ba shi da lasisi. Ko babu allo, idan mai wurin ko wakilinsa ya ce wa mutum ya fita da makaminsa ya ƙi, ya aikata laifin kutse. Idan ba ka ga allo ko ɗaya ba, kantinku ya bar maganar ga dokar jiha, kuma yawancin kantunan da ke sayar da kayan farauta haka suke yi. Dalilin a bayyane yake: masu sayen harsashi da tanti da takalmin daji su ne masu ɗaukar bindiga, ɗan kasuwa kuwa ba ya korar masu kawo masa ciniki.

Manyan kamfanoni ma ba su bi hanya ɗaya ba. Bayan harbin da aka yi a Walmart na El Paso ran 3 ga Agustan 2019, wanda ya ci rayukan mutum 23, Walmart ya roƙi masu sayayya su daina shigowa da bindiga a fili, Kroger ma ya bi sahu. Ka lura, roƙo ne suka yi. Shi kuwa Dick's Sporting Goods, bayan kisan mutum 17 a makarantar Parkland ta jihar Florida a 2018, abin da yake sayarwa ya canza: ya daina sayar da bindigogi masu ƙirar na yaƙi, ya ɗaga shekarun mai saye zuwa 21. Ƙa'idar sayarwa daban, ƙa'idar shigowa da makami daban, kuma kowane kamfani da tasa. Taku tana cikin littafin ma'aikata da aka ba ka ranar da ka fara aiki. Ka karanta shi, idan bai fito fili ba ka nemi manaja ya nuna maka a rubuce.

Akwai wata al'ada da za ka tarar a kantuna da yawa irin naku. Bindigar da ke cikin kube a jikin mai ita ana barin ta a wurinta, ba a zare ta. Wadda aka kawo gyara, ko musaya, ko don a gwada mata kube, ana so ta shigo babu harsashi, a nuna ta a bakin ƙofa tukuna. Wannan shi ne ma'aunin da za ka riƙe. Mutum na zaɓen safa da bindiga a ƙugu, yi masa hidima kamar kowa, kada ka ƙura mata ido, kada ka yi masa wa'azi. Idan ya zare ta yana juyawa, ko yana ta da murya, ko ka ga alamar maye a tare da shi, kada ka tunkare shi da kanka. Ja da baya, sanar da manaja, idan abin ya yi muni ka fita ta ƙofa mafi kusa ka kira lambar gaggawa ta 911, ka faɗi abin da idonka ya gani kawai.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a cikin wasiƙarka, kuma ina roƙonka ka karanta shi sau biyu. Bindigar mai sayayya ba za ta taɓa takardunka ba. Wadda za ta iya rusa su ita ce wadda za ta shiga hannunka. Dokar tarayya ta haramta wa baƙon da ke ƙasar ba bisa ƙa'ida ba, da wanda ya shigo da bizar wucin gadi irin ta ziyara ko karatu, riƙe bindiga ko harsashi, sai a wasu 'yan yanayi kaɗan, kamar wanda zamansa ke kan ƙa'ida kuma yake da lasisin farauta. Hukuncin yana iya kai wa shekara 15 a gidan yari. Ba sai ka saya ba. Ɗaukar ta daga cikin gilashi ka miƙa wa mai saye, ko ɗaukar kwalin harsashi ka jera a kan kantar kanti, ana iya lissafa shi a matsayin riƙewa. Takardar izinin aikinka izinin aiki ce kurum, ba ta mayar da kai mai girin kad ba.

Ba labarin ƙanzon kurege ba ne. Hamid Rehaif ɗalibi ne daga Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da ya zo karatu Florida. Jami'a ta sallame shi, bizarsa ta lalace, ya je filin koyon harbi ya yi harbi, aka yanke masa wata 18. Sai da shari'arsa ta kai Kotun Ƙoli a 2019 kafin aka ce dole gwamnati ta tabbatar ya san zamansa a ƙasar ba bisa ƙa'ida yake ba. Ka duba wahalar da ya sha kafin nan, a kan abin da ɗan ƙasa ke yi don nishaɗi ran Lahadi.

Saboda haka amsata game da sashen bindigogi ita ce a'a, har sai girin kad ya shigo hannunka, ko lauyan shige da fice ya duba takardunka ya ce maka babu matsala. Ka gaya wa manaja cikin ladabi cewa matsayin takardunka bai ba ka damar taɓa makami ko harsashi ba tukuna, ka nemi a bar ka a takalma ko kayan kamun kifi. Mai yiwuwa bai ma san da wannan ba, domin shi takardar izinin aiki kawai ya duba. Kantin da ke da lasisin sayar da makamai ba ya son rigima da hukuma, zai saurare ka. Ɗan ƙarin da za a yi maka a awa bai kai darajar aurenka da zamanka ba.

Maganar sayen taka ma haka take. Mai saye yana cike fom mai lamba 4473, wanda ke tambayar ƙasarsa da matsayin zamansa, sannan a bincika sunansa a rumbun bayanan gwamnati. Ƙarya a wannan fom babban laifi ne. Sa matarka ko abokinka ya saya maka da sunansa shi ma laifi ne, ku duka biyu. Kuma idan matarka tana da bindiga a gida, ka faɗa wa lauya, domin zaman makami inda hannunka zai kai yana iya zama magana. Bayan girin kad doka ta yarda ka mallaka, amma ka sani har mai girin kad ana iya korarsa daga ƙasar idan kotu ta same shi da laifin da ya shafi bindiga.

Wani abu kuma da ba na jin daɗin faɗa, amma ɓoye shi cin amana ne: fatarmu baƙa ce. A Agustan 2014 'yan sanda suka harbe John Crawford a cikin Walmart a jihar Ohio, yana riƙe da bindigar iska da ya ɗauko daga kan kantar kantin. A Yulin 2016 ɗan sanda ya kashe Philando Castile a Minnesota, yana da lasisinsa, kuma shi da kansa ya sanar cewa akwai makami a jikinsa. Dattijon da na gani da jikansa doka ɗaya ce ta rufe shi da su, amma idon da ke kallonsu ba ɗaya ba ne. Ka sa wannan a lissafinka duk ranar da maganar saye ta taso.

Shi kuwa yaya, Allah ya kawo musu sauƙi, na san abin da ke ci masa rai. Amma kada ka aika. Madubin hangen dare, madubin saiti, harsashi da sassan bindiga ba sa fita daga Amurka sai da izinin gwamnati, ko da a kan kanta ka saye su da rasit. A Najeriya ma kwastam suna kama irin waɗannan kaya, kuma kakin soja a jikin farar hula yana iya jawo masa kamu, ko a ɗauke shi ɗan bindiga a shingen bincike. Ka yi masa bayani da taushin murya, kada ya ji kamar ka yi watsi da shi. Aika masa kuɗi, da fitilu masu cajin rana, da waya mai riƙe caji, ko ka taimaka da kuɗin hayar ɗaki a cikin gari don mata da yara su kwana a can idan abin ya tsananta.

Ka nemi ganin lauyan a makon nan, kafin a sake fitar da jadawalin aiki. Ka tafi da fasfonka, da takardar shigowarka ta I-94, da rasit ɗin neman girin kad, da katin izinin aiki. Idan ka riga ka taɓa jera harsashi ko miƙa bindiga a wata biyun nan, shi za ka faɗa wa, da ranar da abin ya faru.