Ruwan da ke tsiyaya daga sabuwar shara: na'urar AnMBR za ta yi mana a Gusau?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Muna kwashe shara daga kasuwa da wuraren masu abinci a Gusau. Wani ruwa mai wari yana tsiyaya daga tarin, ya bi kwata, musamman da damina. An ce akwai na'urar AnMBR da ke tace shi har a samu gas. Za ta yi mana?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ruwan naku irin wanda na'urar ke so ne, amma ba zan ce ku fara da ita ba.

Ruwan sabuwar shara ya fi na kwata ƙarfi nesa ba kusa ba. A ma'aunin datti da ake kira COD, ruwan bayan gida na gari ba ya cika wuce miligiram 1,000 a lita, wannan kuwa yakan kai dubbai goma-goma. Sai dai yawancin dattinsa ragowar abinci ne, ƙwayoyin halitta na iya cinye shi. Ruwan tsohuwar bola ba haka yake ba, abin ci ya ƙare, saura amoniya da abin da ba ya ruɓewa.

Na'urar kashi biyu ce. Na farko tanki ne rufaffe da iska ba ta shiga, aikinsa kamar na tumbin saniya, shi ya sa ma ake tayar da shi da kashin shanu. Ƙwayoyin ciki suna mayar da dattin gas ɗin metan mai kama wuta. A lissafi, kowane kilo na COD da aka cire yana iya ba da lita 350 na metan. Ƙwayoyin sun fi jin daɗin zafin digiri 35 zuwa 37, kuma yanayinmu ya rage mana wannan wahala, in ban da sanyin daren hunturu. Na biyu matata ce mai ƙofofi ƙasa da maikiron ɗaya, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Ƙwayoyin da ke yin metan suna da jinkirin haihuwa, to matatar tana riƙe su a tanki, ruwa kaɗai ke wucewa. In an saita komai daidai, ana cire kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na dattin.

Matatar nan ita ce mai cin kuɗi. Yauƙi da kalsiyam suna toshe ta, sai an riƙa wanke ta da sinadarai, famfo kuma yana son wutar da ba ta yankewa. Ga tsami: sabon ruwan shara yana da shi sosai, in aka ɗura da yawa lokaci guda tankin ya yi tsami, gas ya tsaya. Amoniya kuma tana ratsa matatar, don haka ruwan da ya fito bai isa a sake shi cikin gulbi ba sai an ƙara masa wani matakin mai iska.

Ku fara da dabe wurin tara sharar da siminti, ku yi rumfa don ruwan sama ya daina shiga, ku ja magudana zuwa rami mai rufi. Ku auna litar da ke taruwa a rana, a watan Agusta da kuma Maris, ku kai samfuri ɗakin gwaji a duba COD, tsami da amoniya. In ruwan 'yan durom ne kawai, tankin gas marar matata ya ishe ku.