Amsa: Ƙara girman sikirin da kibod ba sai da mawus ba

Ɗan uwa kana tambaya ya Baba zai riƙa ƙara girman abin da ke kan sikirin ɗin laftof ɗinshi da kibod kawai, tunda idon ya yi rauni kuma mawus na ba shi wahala. In Windows 10 ko 11 ce, ya danne maɓallin nan mai tambarin Windows ya haɗa da alamar + nan take Magnifier, manhajar ƙara girma da ke cikin Windows, za ta buɗe komai ya ƙara girma, in ya sake dannawa ya ƙara. Windows da alamar - tana ragewa, Windows da Esc kuma ta rufe Magnifier gaba ɗaya. In wani gefen ya ɓuya, ya riƙe Ctrl da Alt ya bi da kibiyoyin nan huɗu.

Amma fa ka fara gyara mashi abu guda. Yadda Magnifier take zuwa, dannawa ɗaya daga 100% sai 200%, kuma wallahi wannan tsallen yana ruɗa dattawa, na sha gani a shagon kwamfutar da nake zama nan Ƙofar Ƙwaya, mutum ya danna komai ya kumbura ya rasa inda yake sai ya ce injin ya lalace. Ka danna Windows da Ctrl da M, saitin Magnifier zai fito, ka maida matakin ƙarin 25% yadda zai riƙa hawa sannu sannu. In kuma hasken farin shafi ke sa mashi hawaye, Ctrl da Alt da I na juya kalar ta koma baƙi, amma sai Magnifier tana kunne take aiki.