Littattafan binciken laifi: me ya sa kullum marubuciya ke kayar da ni?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce, haifaffiyar Makka, muna zaune wajen Shari'ul Mansur. Tun ina ƙarama nake kallon katun ɗin yaro mai bincike Konan a tashar Spacetoon, bana kuma na fara sayen littattafan Agata Kiristi na Larabci. Na karanta uku, duka ukun ban gano mai laifin ba. A na huɗu haƙuri ya gaza, na leƙa ƙarshe, daga nan littafin ya fita raina. Akwai yadda ake karanta su ne, ko dai wayo kawai matar take yi wa mutum? Sannan kakata Hajiya ta ce karatun koyon kisa ne, bai dace da 'ya mace ba. Me zan ce mata, kuma me zan karanta nan gaba?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗiyata. Uku kacal aka kayar da ke har kike ƙorafi? Ni na haura shekara talatin ina karanta wannan mata, kuma waɗanda na gano kafin ƙarshe ba su cika yatsun hannuna biyu ba. Wayo kam tana yi. Amma wayo ne mai ƙa'ida, kuma in kin san ƙa'idar, kayen ma daɗi yake yi.

Bari in fara da labarai biyu da suka girmi Agata da ɗaruruwan shekaru. A cikin Dare Dubu da Ɗaya akwai labarin tuffa uku. Wani masunci ya jawo akwati daga kogin Dijla, aka buɗe gaban Halifa Haruna Rashidu, sai ga gawar wata mata. Halifa ya ba wazirinsa Ja'afaru kwana uku, ko ya kawo wanda ya yi ko a rataye shi. Me Ja'afaru ya yi? Ya koma gida ya zauna. Bai tambayi masuncin ba, bai nemi kafintan akwatin ba. Sai da aka kawo shi gindin igiya mai laifin ya fito da kansa. Da aka sake ba shi kwana uku ya nemo bawan da ƙaryarsa ta jawo kisan, nan ma zama ya yi, har ya rungumi autarsa don ban kwana ya ji tuffa a aljihunta, wadda ta kai shi ga bawan. Labari ne mai daɗi, amma sa'a ce ta warware shi.

Na biyu na Iyasu ɗan Mu'awiya ne, alƙalin Basra a zamanin Umaru ɗan Abdul'aziz, wanda Larabawa ke buga misali da kaifin basirarsa. Wani ya yi ƙara cewa ya ba abokinsa ajiyar kuɗi a gindin wata bishiya, abokin ya ce shi bai ma san wurin ba. Babu shaida. Iyasu ya ce wa mai ƙara ya tafi wajen bishiyar ko zai tuna wani abu, ya zaunar da ɗayan kusa da shi, ya ci gaba da sauraren wasu shari'o'i. Can da mutumin ya saki jiki, sai ya waiwayo ya ce, "Kana jin ya isa bishiyar yanzu?" Ya ce, "A'a, da saura." Shi ke nan. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Littafin bincike na gaskiya ɗan gidan Iyasu ne, ba na Ja'afaru ba. Duk abin da mai binciken ya gani an nuna miki, duk abin da ya ji kin ji, bambancin kawai shi ya auna, ke kin wuce. Turawan Ingila har rubuta wannan suka yi. A 1929 wani limamin coci mai suna Ronal Noks, wanda shi ma marubucin irin waɗannan labarai ne, ya jera dokoki goma. Daga ciki: dole mai laifi ya kasance wanda aka ambata tun farkon labari, ba aljani, ba tsafi, ba gubar da kimiyya ba ta sani ba, kada sa'a ta taimaki mai bincike, kada a fito da tagwaye a ƙarshe ba tare da an share fage ba, kuma duk alamar da mai bincike ya tsinta sai ya nuna wa mai karatu. Agata ta taka gefen waɗannan al'adu fiye da sau ɗaya, musamman a wani littafinta na 1926 da har yau ake musu a kansa. Ba zan faɗa miki abin da ta yi ba, kada in ɓata miki. Amma ko a can, in kika koma baya za ki tarar ba ta yi miki ƙarya ko sau ɗaya ba. Shiru ta yi a inda ya kamata ki yi tambaya.

To yaya ake karatun? Da farko ki rage gudu. Mafi yawanmu muna karanta su kamar littafin soyayya, muna sauri mu ga yadda za ta kaya. Marubucin ya san haka, shi ya sa yake ajiye babbar alama a wurin da ido ke tsallakewa: tsakiyar lissafin kayan da ke kan tebur, ko a bakin wata mai surutu da kowa ya gaji da ita, ko daf da wani abin tashin hankali da zai ɗauke miki hankali. Sa'an nan ya ɗora miki wani mutum mai mugun hali, mai bashi a wuya, wanda aka ji yana faɗa da mamacin jiya da daddare. Wannan ɓad da sawu ne. In biri ya yi kama da mutum tun a babi na uku, ki ja baya.

Ki riƙe cewa a irin wannan littafi kusan kowa yana ƙarya, amma mutum ɗaya ne ke yin ta saboda kisan. Wata tana ɓoye saurayi, wani yana ɓoye sata ƙarama, wani yana kare ɗansa da yake zargi. Aikinki ki raba ƙaryar kunya da ƙaryar jini. Abin da ya fi taimaka mini shi ne lokaci. Nakan ɗauki 'yar takarda, ko bayan rasidin kanti ne, in rubuta wa ya ce yana ina da ƙarfe nawa, kuma wa ya gan shi. Sau da yawa za ki tarar lokacin mutuwar ma ba likita ne ya tabbatar ba, agogo ne da ya fashe, ko murya da aka ji ta bayan ƙofa. Agogo ana iya juya shi. Murya ana iya kwaikwayo. Takardar tana da wani amfanin ga mai karatu da Larabci, domin sunayen Turawa in an rubuta su ba wasali sukan rikiɗe, ki kai shafi na 100 ba ki bambance kanar da likita ba.

Akwai kuma alamar da ba ta nan, wadda ni ta fi burge ni. A wani gajeren labarin mai bincike Shalok Homs na 1892 an sace dokin sukuwa daga barga cikin dare. Homs ya ce a lura da abin mamakin da kare ya yi. Aka ce ai karen bai yi komai ba. Ya ce abin mamakin ke nan. Kare bai yi haushi ba domin ya san wanda ya shigo. Da ɗan gari akan ci gari. Masu bin sawu na ƙabilar Al Murra a nan Saudiyya, waɗanda hukuma ta daɗe tana amfani da su wajen kama ɓarayi, da irin wannan ido suke karanta rairayi. Konan Doyil kansa, marubucin labaran Homs, daga wani malaminsa na likitanci a Edinbara, Jozef Bel, ya ɗauko halin Homs, mutumin da kan dubi majiyyaci ya faɗi sana'arsa tun bai buɗe baki ba. Af, kuma Konan ɗin da kika tashi da shi, daga sunan wannan Doyil aka ciro nasa.

Leƙen ƙarshe kuwa, kin ga sakamakonsa da kanki. Sai dai kada ki jefar da littafin. Ki koma ki karanta shi kina sane da mai laifin, ki zuba masa ido a duk inda ya bayyana. Za ki ga yadda aka wuce da shi ta gabanki sau goma. Babu makarantar da ta fi wannan, kuma a na biyar ba za a same ki da sauƙi ba.

Wani abu da ba laifinki ba: fassara. Akwai tsofaffin bugu masu araha da suka cika kasuwannin Larabawa, waɗanda aka datse don su yi daidai da aljihu, wasu ma an manna musu sunan Agata alhali ba ita ta rubuta ba. Mai datsewa yakan yar da abin da yake gani surutu ne, kuma a cikin surutun alamar take. Littattafanta na bincike 66 ne, ta fara a 1920. Ki nemi cikakkiyar fassara, irin wadda kantin littattafai na Jarir ke bugawa, in kuma kika ga ɗan siriri kamar littafin azkar, ki ajiye.

Yanzu maganar Hajiya. Kada ki yi mata gardama, don tana da rabin gaskiya. Wannan fanni gida biyu ne. Akwai na wasan ƙwaƙwalwa, irin na Doyil da Agata, inda jini kaɗan ne, gawa dalili ce kawai ta tambaya, kuma a ƙarshe gaskiya ke fitowa. Akwai kuma wanda ya taso a Amurka tun wajen 1920 zuwa 1930, ya bazu duniya, inda birni ya ruɓe, ɗan sanda na cin hanci, mai binciken kansa ba tsarkakakke ba ne. A cikinsa akwai ayyuka masu daraja, akwai kuma masu cike da batsa da azabtarwa don kawai a sayar. Wannan kashin na ƙarshe ni ma ba na ajiye shi a gidana.

Amma auna alama don gano gaskiya, ai Hajiya ta riga Turawa saninsa. A Suratu Yusuf, aya ta 26 zuwa 28, mai shaida ya ce a duba rigar: in ta gaba ta yage, hukunci kaza, in ta baya, kaza. Malamai suna kiran wannan ƙarina, kuma Ibnul Ƙayyim ya yi dogon bayani a kanta a Aɗ-Ɗuruƙul Hukmiyya. Ibnul Jauzi ma yana da Kitabul Azkiya, cike da labaran alƙalai da sarakuna masu kama ɓarawo da dabara. In kuma ta ce guba ake koya, ki ba ta wannan. Agata ta yi aiki a ɗakin haɗa magani lokacin yaƙin duniya na farko, shi ya sa bayaninta na guba ke fita daidai. A 1977 aka kai wata jaririya daga Ƙatar wani asibiti a Landan, likitoci sun rasa gane ciwonta. Wata ma'aikaciyar jinya da ke karanta wani littafin Agata na 1961 ta ga alamun sun yi daidai da gubar taliyam da aka siffanta a ciki. Aka gwada, haka ne, yarinyar ta rayu.

Abin karantawa gaba, tunda Larabci ya fi miki sauƙi, kina cikin wadata. A na Agata ki nemi na jirgin ƙasan gabas na 1934, da na jirgin ruwa a kogin Nilu na 1937, da na mutum goma a tsibiri na 1939, wanda ni a wurina shi ne gwaninta. Gajerun labaran Homs 56 ne, kowanne zama ɗaya. In kina da ƙanne, Al-Mugamirunal Khamsa na Mahmud Salim, da aka fara a Masar a 1968, su Takhtakh da Loza da karensu Zanjar, su suka koya wa yaran Larabawa da yawa wannan wasa. Idan kin ƙara ƙwari, ki ɗauki Yaumiyyatu Na'ib fil Aryaf na Taufiƙul Hakim, 1937, inda mai gabatar da ƙara ke bin wani harbi a ƙauye, takardu da sakaci suka binne shari'ar. Ba ya ƙarewa yadda kika saba, kuma da gangan ne. Na garinku ma yana nan: Ɗauƙul Hamam na Raja'a Alim, 'yar Makka, wanda ya ci babbar kyautar ƙagaggen labarin Larabci a 2011. An tsinci gawar mace a wani lungu, kuma lungun ne da kansa ke ba da labari. Ki bar shi sai gaba, don yana da tsawo, Larabcinsa da nauyi, kuma tsohuwar Makka da ake rushewa ta fi damun marubuciyar fiye da wanda ya yi kisan. A Hausa mun fi yawan labaran laifi a kan na bincike, irin Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, duka na 1982. A cikinsu kin san mugun tun farko, faɗuwarsa ake jira.

Ga abin da zan so ki gwada. Cikin masu binciken Agata akwai wata tsohuwa 'yar ƙauye, Mis Mafil, wadda ba ta da komai sai saƙa da sanin halin mutane. Duk wanda ta gani sai ta ce ya tuna mata da wane na garinsu. Ki samo ɗaya daga nata, ki karanta har babin da za a tara mutane a falo don bayyana mai laifin, ki rufe. Bayan la'asar, in an zauna shan shayi, ki ba Hajiya labarin da Hausa, ki sauya sunayen zuwa namu, ki ce mata wata dattijuwa ce ta gano. Sai ki tambaye ta wa take zargi. Ki rubuta naki, ki rubuta nata, sannan ki buɗe. Ni dai na san inda zan sa kuɗina, kuma ba a kanki ba ne.