Allon taɓawa ko maɓallai a sababbin motoci?

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa kamfanoni ke cire maɓallai suna mayar da komai kan allo. Babban dalilin kuɗi ne, domin allo guda ya fi tarin maɓallai da wayoyinsu arahar ƙerawa, kuma Tesla ce ta yaɗa salon da motarta Model 3 a 2017. A ganina an wuce gona da iri, tunda direba kan lalubo maɓalli idonsa na kan hanya, allo kuwa sai ya kalle shi. Shi ya sa daga 2026 Euro NCAP, ƙungiyar da ke gwada amincin motoci a Turai, ke duba maɓallan sigina, hon da na goge gilashi wajen ba da maki, Volkswagen ma ta ce za ta dawo da maɓallai.