Tsohuwar tirelar zango: Airstream ko Shasta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Columbus ta jihar Ohio a Amurka, kuma ina so in sayi tsohuwar tirela irin wadda ake ja da mota a kwana a ciki, in gyara ta domin fita da iyali lokacin hutu. An nuna mini Airstream ta 1973 mai tsawon ƙafa 31 da jikinta ke sheƙi, da wata ƙaramar Shasta ta 1962 mai araha, amma akwai tabon ruwa a silinta. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada sheƙin ya ruɗe ka, domin goge alminiyom aiki ne na haƙuri kawai, amma abin da ke cinye kuɗin mai gyara yana can ƙarƙashi, inda mai sayarwa ba ya son a leƙa.

Ginin tirelolin biyu ya bambanta. Jikin Airstream alminiyom ne da aka ɗinke da ƙananan ƙusoshi, yana zaune a kan daɓen katako, shi kuma daɓen a kan firam na ƙarfe. Idan ruwa ya daɗe yana shiga ta gefen tagogi ko ta banɗakin baya, katakon ya ruɓe, firam ya yi tsatsa, sai bayan tirelar ya fara rabuwa da jikinta, kuma dogayen ƙirar shekarun 1970 sun yi suna da wannan ciwo. Ka hau bamban baya, wato ƙarfen kariya da ke bayan tirelar, ka girgiza shi da nauyinka, wani yana kallo. Idan ƙarfen ya yi ƙasa jikin bai bi shi ba, to gyaran na iya kai wa ga ɗage jikin gaba ɗaya a kira mai walda. Ka kuma tafi da tocila da sukundireba, ka danna daɓen a cikin kabad da ƙarƙashin gado, ka ji ko zai lotsa.

Shasta kuwa, mai 'yan fukafukai a bayanta, ƙashinta katako ne aka lulluɓe da siririn alminiyom, don haka tabon nan na sili yana nufin ruwa ya riga ya gangara cikin bango, musamman kusurwoyi. Sai an kware fatar daga waje an sauya katakon, aikin da mai ɗan sanin kafinta zai iya yi a garejinsa.

Ni dai Shasta zan ba ka shawarar ɗauka, idan firam ɗinta lafiya yake, saboda ƙarama ce, motar gida mai ɗan ƙarfi za ta ja ta, alhali ƙafa 31 sai babbar a-kori-kura. Gaskiya ne masana'antar Airstream tana Jackson Center a jiharku, amma kusancin ba zai rage maka kuɗin walda ba.

Tambaya daga wata mai karatu: Mai tirelar da nake nema ya ce takardar mallaka ta ɓace, amma tayoyin kamar sababbi ne. In biya?

Amsa: Hajiya, kada ki biya sai kin kai lambar jikin tirelar ofishin rajistar motoci na jiharku kin ji ko za su yi mata takarda, domin dokar kowace jiha daban ce. Tayar tirela kuma tsufa ke kashe ta tun ba ta suɗe ba. Ki duba lambobi huɗu na ƙarshen rubutun da ya fara da haruffan DOT a gefenta, su ne ke nuna lokacin da aka ƙera ta: 2318 na nufin mako na 23 na 2018. Wadda ta haura shekara shida ki sauya ta, a kuma duba birki da bututun gas kafin a kunna murhu.