Tambayi Likita: yaron da bai buɗe baki ba, yarinyar da ke maimaita aji, da sauran tambayoyinku

Assalamu alaikum. Saƙonnin wannan karon kusan duk a kan yara ne, kuma amsarsu tana komawa ga gwajin tantancewa. Shi wannan gwaji aikin rariya yake yi: ya ware yaran da ya kamata a ƙara dubawa da kyau. Ba ya yanke hukuncin cewa yaro na da ciwo kaza.

TAMBAYA: Likita, ɗana ya shekara biyu da rabi, ban da "mama" ba ya cewa komai. Surukata ta ce ubansa ma sai da ya shekara huɗu ya yi magana, kuma wai mu muka rikita shi da Hausa da Fillanci da Faransanci. In jira? (Wata uwa daga Garwa)

AMSA: 'Yar uwa, kada ki jira. Allah ya ƙara wa Inna lafiya, amma yawan harsuna ba ya ɗaure bakin yaro. Da haka ne da rabin yaran Garwa da Marwa ba su yi magana ba. In za ki ƙirga kalmominsa, ki haɗa na duk harsunan wuri ɗaya. Abin da muke sa rai shi ne gwaranci tun wajen wata shida zuwa tara, kalmar farko a kusa da shekara ɗaya, sannan a shekara biyu ya riƙa haɗa kalma biyu, kamar "ba ni" ko "Baba tafi".

Kunne za a fara dubawa. Na san za ki ce yana ji, don yana zabura in an buga ƙofa. Yaro na iya jin ƙarar ƙofa da ta babur amma ƙananan sautukan magana su wuce shi, kuma tafa hannu a bayansa ba gwaji ba ne, sau da yawa inuwa ya gani ko iska ta taɓa shi. Ki tuna baya: ya taɓa yin sanƙarau, ƙyanda ko hangum? Kunnensa yana zubar da mugunya? Ya yi shawara mai tsanani a makon haihuwa? Duk waɗannan suna taɓa ji. Rigakafin MenAfriVac da aka yi a arewacin Kamaru da Chadi a 2011 ya karya lagon sanƙarau nau'in A, amma sauran nau'o'in suna nan, don haka duk yaron da ya tashi daga sanƙarau a gwada jinsa ko da ya warke sumul. Ki nemi likitan kunne da hanci da maƙogwaro, wanda ake rubuta ORL a ƙofarsa a babban asibiti. Akwai 'yar na'urar da ake sa wa a kunne na 'yan mintoci, ba zafi, har jariri mai barci ana yi wa. Inda gwajin jin jarirai ya kankama, ƙa'idar ita ce a tantance jariri kafin ya cika wata ɗaya, a tabbatar kafin wata uku, a fara taimako kafin wata shida.

In kunne lafiya lau, sai a duba yadda yake hulɗa da mutane. Akwai jerin tambayoyi 20 da ake kira M-CHAT-R, na yara 'yan wata 16 zuwa 30, uwa ce ke amsawa. Yana nuna miki abu da yatsa don ki gani? Yana juyowa in an kira sunansa? Yana kallon idonki? Yana wasan kwaikwayo, ya kara takalmi a kunne wai waya? Ana neman alamun otizim ne, wanda wasu ke kira galahanga. Allurar rigakafi ba ta kawo shi, kuma ba laifin uwa ba ne. Ki ci gaba da addu'a, ki kuma je asibiti. Kafin nan a rage masa kallon waya, ki riƙa yi masa hira kina girki kina wanki.

TAMBAYA: 'Yata shekararta 8, tana maimaita ajin CP, ɗaya daga cikin azuzuwan farko na firamare. A makarantar allo hadda ba ta ba ta wuya, amma a boko malaminta ya ce daƙiƙiya ce. Na yi bulalar har na gaji. (Wani magidanci daga Kusiri)

AMSA: Malam, a ajiye bulalar nan. Yarinyar da ke riƙe hadda tana da kai. Ni ban yarda a kira yaro daƙiƙi ba alhali ba wanda ya duba idonsa da kunnensa. A gwada ganinta da allon nan mai harafin E, daga nisan mita 6, ido ɗaya bayan ɗaya. Ba sai ta iya karatu ba, da hannu za ta nuna inda ƙafafun harafin suka fuskanta. A ajin da ya cika maƙil, mai gajeren gani da aka zaunar a baya shekara za ta ƙare bai ga allo ba, kuma ba zai faɗa ba, don a zatonsa haka kowa ke gani.

A auna jininta, domin ƙarancin jini yana kawo kasala da rashin natsuwa. Tunda kuna bakin Logon da Shari, ka sa mahaifiyarta ta tambaye ta ko tana ganin jini a ƙarshen fitsari. Tsargiya ke nan, tana da magani, praziquantel. Ka kuma lura ko takan ƙame na 'yan daƙiƙoƙi, ido a buɗe, a kira ta ba ta amsa ba, sai ta dawo kamar ba a yi ba. Wani nau'in farfaɗiya ne da ba ya kayar da mutum, malamai kan ɗauka shiririta ce.

In duk wannan ya fita lafiya, saura abu biyu. Mai yiwuwa Faransancin ne bai zauna mata ba, ana koya mata karatu da harshen da ba ta ji. Ko kuma tana da lalurar haɗa harafi da sautinsa, wadda ake kira disleksiya. Ka gwada ta a gida: nuna mata kalma a tsakiyar allonta, ka ga ko karantawa take yi ko tilawa daga ka. In a can ma haruffa na ba ta wuya, tana bukatar mai koya mata sauti-sauti, a hankali, kullum kaɗan.

TAMBAYA: Ni da matata duka AS ne, wato muna ɗauke da ƙwayar sikila, bayan aure muka sani. Jaririnmu wata uku, ƙato, ba ya ciwo. Sai an gwada shi? (Wani ango daga Injamena)

AMSA: Allah ya raya. E, a gwada shi yanzu. Lafiyar da kake gani ba shaida ba ce, domin jinin da jariri ya zo da shi daga ciki yana kare shi a watannin farko. Sikila takan fara nuna kanta wajen wata shida, sau da yawa da kumburin hannu da ƙafa. A kowane ciki, yiwuwar haifar SS, wato mai sikila, ɗaya ce cikin huɗu, kuma kowane ciki lissafinsa daban. Ka nemi gwajin jini na elektroforez, mai bambanta AS da SS. Gwajin Emmel, wanda ya fi yawa kuma ya fi araha, ba ya bambanta AS da SS, a jariri ma yana iya ɓoye gaskiya. Ka fara da sashen yara na Asibitin Uwa da Yaro. In SS ne, ana fara ba shi penisilin kullum tun yanzu har ya shekara biyar, a cika rigakafi, ya kwana a gidan sauro, kuma duk zazzaɓi a kai shi asibiti a ranar.

TAMBAYA: Ɗana ɗan shekara 4 ba ya zama wuri ɗaya. Ciwo ne? (Daga Ngaundere)

AMSA: Yawanci ƙiriniya ce ta shekarunsa. Muna fara tunanin lalura ne in abin ya haura wata shida, ya fi na tsararsa nesa, kuma ana ganinsa a gida da makaranta duka. Ku fara duba barcinsa.

TAMBAYA: An ba mu wani ɗan tef mai launi uku a cibiyar lafiya, na manta bayanin. (Wata kaka daga Mora)

AMSA: Hajiya, tef ɗin na gano tamowa ne, ga yara daga wata 6 zuwa shekara 5. Ki zagaya shi a tsakiyar damtsen hagu, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, hannun a sake, kada ki matse. Kore lafiya. Rawaya, wato santimita 11.5 zuwa 12.5, a kai shi a duba cikin makon. Ja, ƙasa da 11.5, a kai shi yau. Ki kuma danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa ki ƙirga uku. In ramin ya zauna a duka biyun, a kai shi yau ɗin, ko da tef ya nuna kore.